Sufeton da Ke Jiran a Kawo Wuta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina duba makarantun firamare a yankinmu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, wani lokaci har gefen Babura idan an ce in taya wani. Aikin bai wuce in faɗa makaranta babu sanarwa ba, in ga ko malamai suna aji, in duba littafin sa hannu da na darasi, in dawo ofis in rubuta abin da na gani. A takarda ke nan. A zahiri ban taɓa zuwa wata makaranta babu sanarwa ba, domin tsohuwar motata ce mai yi mini shela. Salansarta ta fashe tun ban daɗe da sayenta ba, mai walda ya liƙe har ya gaji. Tun ina bayan dutse ake jin tahowata. Kafin in kashe ta a gindin bishiya kowane malami yana gaban allo da alli a hannu, yara suna ta rera karatu kamar tun asuba suke yi. Ni kuma in rubuta komai lafiya, in sha ruwa, in ƙara gaba.

Shekarar da kuɗin fetur ya tashi ya bar albashi a ƙasa, sai fitar ma ta fara gagarata. Makarantar da nake zuwa sau biyu a zango ta koma sau ɗaya, ta nesa kuwa sai dai in tambayi lafiyarta a waya. Ana cikin haka ƙanena, wanda ke dillancin motoci a Kano, ya zo gida wata Juma'a da wata 'yar mota fara, gajeriya, kamar an datse mata baya da wuƙa.

"Yaya, kai da gidan mai kun yi ban kwana," in ji shi. "Wannan ba ta shan fetur, ba ta shan baƙin mai, babu fulogi babu salansa. Ka jona ta a bango kamar waya, ka je ka kwanta."

"In kwanta har yaushe?"

"Har ta cika mana."

Ban tambaye shi tun yaushe take ajiye a wurinsa ba. Daga baya ne na ji ta yi wata bakwai masu saye suna zagaya ta suna wucewa. Ya karɓi tsohuwar motata, na haɗa masa da bajimai biyu da na turke ina jiran Babbar Sallah, muka yi musabaha. Mai ɗakina ta fito ƙofar gida ta leƙa cikin motar, ta leƙa ƙarƙashinta, sannan ta dube ni.

"Malam, wutar da ba ta iya daskarar mini da ruwa a firji, ita ce za ta kai ka Gwiwa?"

Na ce mata zamani ne ya zo, kuma ba kowa ke gane shi ranar da ya zo ba. Ta ce Allah ya sa alheri, ta koma ciki.

Damina ce a lokacin, wuta kuma tana ɗan zama a unguwarmu. Ba zan ci amanar motar nan ba, tuƙinta akwai daɗi. Babu giya da za ka yi ta kokawa da ita, kana taka ta za ta zabura, ba ta rawa, ba ta wari. Idan na zo wucewa ta gidan mai na ga layin babura da motoci, sai in rage tafiya in sauke gilashi in ɗaga wa waɗanda na sani hannu. Na ɗauka zumunci nake yi. Yanzu da na girma kaɗan na san sunan abin.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne shirunta. Tumaki ba sa tashi daga hanya, tsofaffi suna tafiya a gabana suna hira har sai na yi oda sun firgita sun bi ni da harara. Amma ranar da na fara kai ta wata makaranta a bayan Roni na ga amfanin shirun. Na shiga harabar, na tsaya a inuwar da na saba tsayawa, babu wanda ya waiwayo. Malamai uku suna zaune a kan benci ɗaya suna ɓarar gyaɗa, na huɗu ya miƙe a tabarma ya rufe fuska da hula. Yara suna ta tsalle a kan tebura. Na fito na tsaya a bayansu na yi sallama. Wanda ke kwance ya amsa daga ƙarƙashin hular, ya ce in gyaɗa nake so in ɗiba da kaina.

A watanni biyun da suka biyo baya na rubuta rahotanni masu zafi fiye da duk waɗanda na rubuta a shekara goma. Shugabana a ofis ya yaba mini a gaban mutane. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Daga nan sai abin ya fara canzawa. Ko'ina na faɗa sai in tarar da komai tsaf, kowa a ajinsa, har an yayyafa ruwa a ƙofar ofishin hedimasta. Da farko na ɗauka gyaruwa suka yi saboda tsorona. Na faɗa wa mai ɗakina haka muna cin abinci. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Ba gyaruwa suka yi ba, Malam. Tela ne."

Akwai wani tela da shagonsa ke kallon ƙofar gidana, ƙanin matarsa malami ne a Roni. Ashe malaman yankin suna da wani zaure a waya da suke haɗuwa, kowace safiya kuma sai a tambayi tela labarin wutar unguwarmu. Idan an kwana da wuta sai ya ce musu tsohon ya ƙoshi, kowa ya shirya. Idan babu, sai ya ce tsohon yana azumi. Matar telan ce ta faɗa wa mai ɗakina a gidan suna, tana dariya har da hawaye.

Da bazara ta shigo, azumin tsohon ya yawaita. Sai a yi kwana uku ba a kawo wuta ba, in an kawo kuma ba ta kai awa biyu, alhali motar tana son yini guda a jone kafin ta cika. Na yi zuciya na ari babban janareta a wurin mai waldan da ke liƙe mini salansa a da. Na sayo fetur a jarka, daga gidan man nan da nake wucewa ina ɗaga hannu, na tsaya a layi kamar kowa. Injin ya yini yana ruri a ƙofar gida, ya shanye man da zai kai tsohuwar motata Gwiwa ta dawo har da saura. Duk unguwa ta ji. Washegari aka nuna mini abin da tela ya rubuta a zauren: ana yi wa tsohon ƙarin ruwa.

Sai na yi dabara. Surukina yana zaune a can gefen asibiti, inda ba a cika ɗauke wuta ba. Na kai motar gidansa da yamma na jona, na hau acaɓa na dawo, na wuce ta gaban tela a ƙafa ina ɗingishin ƙarya don ya ga babu mota. Da sassafe na koma na ɗauke ta. Na tarar an ɗauke musu wuta tun kafin ta cika, cajin bai wuce rabi da kaɗan ba. Surukina ya ce in bari sai gobe. Na ce gobe labari ya riga ya bazu. Akwai wata makaranta a can gaba da Gwiwa da na fi shekara ban taka ba, ita nake nufi, kuma na riga na gama lissafi a zuciyata cewa cajin zai kai ni ya dawo da ni.

A kan kwalta lissafin ya yi daidai. Da na sauka na shiga yashi sai lambar da ke gabana ta fara zubewa kamar an huda buhu. Na kashe na'urar sanyi, na sauke gilasai, zafin rana ya shigo ya zauna kusa da ni. Na kashe rediyo, ko da yake ban san ko yana da hannu a ciki ba. Lokacin da na hango rufin makarantar, saura kashi tara cikin ɗari. Ko rabin hanyar gida ba zai kai ni ba.

Malamai huɗu ne a takarda. Mutum ɗaya na tarar, wata malama mai matsakaicin shekaru, ta tara yaran aji uku a ɗaki ɗayan da rufinsa bai yaye ba, ta raba allo gida uku da alli. Ta gan ni ba ta firgita ba, ta gaishe ni ta kawo mini littafin sa hannu. Hedimasta ya sa hannun zuwa da ƙarfe bakwai da rabi. Ya kuma sa hannun tashi da ƙarfe ɗaya da rabi, ga shi a lokacin ko sha ɗaya ba ta yi ba. Mutum ne da ba ya son wahalar da kansa sau biyu.

"Malama, ina hedimasta?"

"Ya ɗan zaga, ranka ya daɗe."

Na rubuta. Sannan na sassauta murya, don abin da ya fi damuna ke nan.

"A garin nan akwai inda ake samun wuta? Ko janareta, ko sola?"

Ta juya allin da ke hannunta.

"Ranka ya daɗe, tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce."

Ta kwatanta mini wani shago a bakin kasuwa, na nufi can. Farantan sola shida a kan rufi, wayoyi jere a kan katako kowace da igiyarta, ga firiza a kusurwa ana sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara. Mai shagon yana zaune a kan kujerar roba yana gyaran wata fitila. Hedimastan ne, kuma ba baƙona ba ne. Tare muka yi kwalejin horon malamai, gadonsa a saman nawa, shi ne ma yake yi mini lissafi in ya gagare ni. Ya ɗago ya gan ni, ya ga motar da na lallaɓo da ita kamar mai jego, ya miƙe da fara'arsa.

"Lale marhabin! Ranka ya daɗe, ai da ka yi waya."

"Da na yi waya da ban same ka a nan ba."

"Gaskiya ne. Da ka same ni a makaranta, sai mu taho nan tare." Ya zagaya motar sau ɗaya. "Nawa ya rage mata?"

Na faɗa masa. Ya karɓi igiyar cajin ya karanta rubutun da ke jikinta, ya shiga ya duba na'urarsa, ya fito yana ƙirga da yatsu. Ya ce za ta yiwu, amma sai ya kashe firiza ya cire wayoyin mutane gaba ɗaya, kuma sai rana ta take sosai, daga hantsi zuwa la'asar. Kafin ta sami abin da zai kai ni Kazaure, kwana biyu.

Na tsaya da littafin rahoto a hammata. Babu wata hanya. Ko na hau babur na tafi, motar dai a nan za ta zauna, kuma shi ne zai jona ta.

Ya cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zo karɓar tasa sai ya ce masa, "A yi haƙuri, babbar waya ce a layi." Mutane suka taru suna kallon motar tana shan wuta ta igiya. Wani dattijo ya tambaye ni ko in ta cika tana yin ƙara kamar waya.

A ɗakin baƙinsa na sauka. Matarsa ta yi tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, da safe aka dama fura. Da yake duk wutar shagon tana cikin motata, ba shi da abin yi a can, sai muka tafi makaranta tare a ƙafa. Sauran malaman biyu ma suka bayyana, kowanne da labarin rashin lafiyar da ta hana shi zuwa jiya. Tunda ina nan, na ce a ba ni 'yan aji huɗu in yi musu lissafi. Na shekara goma sha ina gaya wa mutane yadda ake koyarwa, ranar na gane hannuna ya manta alli. Na yi bayani sau uku, yara suna kallona kamar mai wa'azi da wani yare. Malamar nan ta leƙo, ta kira wata yarinya da sunan babanta, ta ce in an ba ta ƙwai goma sha biyu ta kai gida uku, nawa kowane gida zai samu. Yarinyar ta amsa tun kafin a rufe baki.

Na shiga ajin hedimasta na zauna a baya. Ya koyar da karatu, kuma ban taɓa ganin wanda ya fi shi ba a duk makarantun da nake dubawa. Yaran da ba sa ɗaga kai sai ga su suna rige-rigen ɗaga hannu. Wannan ya fi sa hannun ƙaryar ɓata mini rai.

Bayan an tashi muka zauna a inuwar shagon muna gadin motar. Na ce masa, ba a matsayin sufeto ba, me ya kai shi.

"Mutumina, albashina ba ya ganin tsakiyar wata," in ji shi. "Kai ka sayar da bajimai ka sayi mota don ka zo ka kama ni. Ni na sayar da gonar gado na sayi sola don in ciyar da gida. Abu ɗaya ne ya koro mu."

"Na ji. Yaran nan fa? Ka ga yadda suke yi in kana gabansu."

Ya dubi ƙasa ya ce:

"Wannan kam ba ni da amsarta."

A rana ta uku ƙanƙarar firiza ta narke tas. Wata mata mai sayar da zoɓo, wadda a nan take ajiye robobinta, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam, motarka ta shanye sanyin garin nan kaf. Allah ya sa ta ƙoshi." Na sayi zoɓon gaba ɗaya da ɗuminsa na raba wa 'yan kallo.

Da la'asar ya cire igiyar ya ce za ta kai ni, in dai ban kunna sanyi ba. Na ciro kuɗi ya ture hannuna. Na matsa, ya ɓata fuska.

"Baƙo ba ya biyan wuta a gidana. Ka rubuta abin da ka gani kawai."

Da ya roƙe ni in rufa masa asiri da abin ya fi mini sauƙi. Duk hanya ina tuƙi a hankali ina gumi ina tsara jimla. Har na samo wata: na same shi a bakin aiki kwana biyu cikin ukun da na yi a garin. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, na ji daɗinta ƙwarai.

Da na isa ofis washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina. An ba ni kwana biyu in bayyana dalilin da ya sa ba a gan ni a bakin aiki ba, ba tare da izini ba. Irin takardar da na sha sa a rubuta wa wasu ce, har kalmomin na haddace. Wanzami ba ya son jarfa. Na karanta ta sau uku ina jin zafin kowace kalma.

Ba yadda zan yi in faɗi inda na kwana ban faɗi abin da ya kwanar da ni ba, kuma ba yadda zan yi in ambaci caji ban ambaci mai shagon ba. Jimlata mai kyau ta tashi a banza. Na zauna na rubuta komai: sa hannun zuwa da na tashi, shagon, malamar da ke riƙe da aji uku, rufin da ya yaye, darasin karatun da na gani, har da tuwon da na ci. Shugabana ya karanta, ya ce daga yau duk makarantar da ta wuce Gwiwa in hau babur.

Bayan wata biyu aka sauke hedimastan, aka mayar da shi malamin aji a wata makaranta a cikin Kazaure, wai don ya zauna kusa da idon hukuma. Aka ba malamar nan riƙon makarantar. Shi kuwa ya kwance farantansa ya ɗora a mota, ya kama shago kusa da tasha. Matarsa tana zama da safe, shi ya karɓe ta bayan an tashi. Cinikin da yake yi a sati ya fi wanda yake yi a wata a ƙauye, kuma ba ya fashin makaranta, tunda tsakaninta da shagon taku kaɗan ne. Ya zo har gida ya yi mini godiya. Na ƙura masa ido ina neman alamar gatse, har ya tafi ban gano ba.

Shi ne ya haɗa mini sola a gida bayan na yi ritaya an biya ni haƙƙina. Wannan karon ya karɓi kuɗinsa cif. Tun daga lokacin ban sake sayen fetur ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ko motar tana da araha sai in ce masa ƙwarai, in dai bai sa kuɗin motar da na sola a lissafi ba. Batirinta ya fara gajiya, an ce sabo ya kusa kuɗin wata motar. Da wani abu ya lalace a cikinta, bakaniken unguwarmu ya buɗe gaba ya leƙa, ya rufe, ya ce in kai wa masu gyaran waya. Sai daga Kano aka zo, bayan sati uku. Da rana take shan caji, wato lokacin da mai aiki ke buƙatar mota ita tana cin abinci. Ga ɗan fansho irina da ba ya sauri ba ya nisa, daga masallaci sai kasuwa sai gaisuwar mara lafiya, ban ga wadda ta fi ta ba.

Ƙauyen nan kuwa har yau babu wanda ya sake kafa sola. Wayoyinsu sai ranar kasuwa ake tarawa a kai Gwiwa. Na ji an ce a can ba a kirana sufeto, sai mai motar da ta kwashe wutar gari.

Kwanakin baya malamar ta kira ni. Ta ce ta san na bar aiki, amma tana so in sani yara bakwai daga ajinta na shida sun sami shiga sakandare, huɗu mata. Na yi mata barka, na tambaye ta rufin. Ta ce yana nan yadda na bar shi, sun dai saba. Na fara ce mata zan yi wa wanda ya gaje ni magana, sai ta katse ni.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, cajina ya kusa ƙarewa, sai ranar kasuwa kuma."

Ban kai ga amsawa ba wayar ta yanke.